Wa Ya Ce Babu Teku a Kano?

Tun ranar da na saka hoton nan ban huta ba. Ga ni tsaye, na naɗe ƙafar wando zuwa ƙwauri, ruwa ya miƙe a bayana har inda ido ya gaza, na rubuta a ƙasa cewa mun fita shan iska bakin teku. Kafin in mayar da waya aljihu, Bazazzagin da ke zaurenmu na WhatsApp ya riga ya turo murya ta minti uku, rabinta dariya. Wai yaushe aka kawo teku Kano, a tirela aka ɗauko shi ko a Adaidaita Sahu? Wani ya ce yaran nan masu haɗa hoto a kwamfuta ne suka yi min aiki. Wata Hajiya da ke sarin atamfa a wurina tana kaiwa Maraɗi cewa ta yi, "Alhaji, ka ji tsoron Allah, wannan ai kududdufin bayan gidanku ne." Ku ma masu karatu na hango ku kuna taɓe baki. To ku gyara zama. Mai mafici ya ɗauko, don maganar da ɗan tsawo, kuma ban ɗauki alkawarin za a bar mana wuta har mu gama ba.

Bari in fara da abin da ya kore mu daga gari. Wanda bai taɓa yin watan Afrilu a cikin Kantin Kwari ba, don Allah kada ya sa mana baki a zancen zafi. Masu hasashen yanayi kan ce digiri 40, wata rana da ɗoriya, amma wannan awon inuwa ne a fili mai iska. Su zo su kafa ma'aunin nasu a lungun da ke tsakanin benaye biyu da ƙarfe biyun rana, inda janareto goma ke huci a ƙafarka, ɗan dako ya taho da dila a ka yana "hanya, hanya", bandir-bandir na shadda sun toshe duk wata kafar da iska za ta bi. Yadi yana riƙe zafi kamar bargo. Shagon da ya cika da kaya albarka ne a littafin ciniki, a jiki kuwa tanderu ne. Fanka tana juyawa, Allah Ya saka mata, amma abin da take kaɗowa hucin bakin murhun mai gurasa ne.

A 2023 da 2024 azumi ya faɗo tsakiyar wannan wuta, daga Maris zuwa Afrilu, kuma lokacin ne kasuwa ta fi tumbatsa, kowa yana neman kayan Sallah. Ka sauko wa mutum da turmi shida, ya ce a canja launi, ka sake hawa tsani, ka sauko, ya taya da rabin kuɗi. Bakinka ya bushe har kalmar "albarka" ma sai dai ka yi ta da girgiza kai. Da la'asar sakaliya kuwa sarauta ta koma hannun mai ƙanƙara. Attajirin da ke da kwantena biyar a hanya za ka gani ya rungumo dunƙule ɗaya a cikin buhu, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da jaririn ranar suna.

Daidai irin wannan lokaci abokanmu na waya suke zaɓa su turo hotuna. Na Jidda yana zaune a bakin Bahar Maliya da shayi, bayansa maɓuɓɓugar nan ta Sarki Fahad tana feso ruwa sama fiye da mita 200, mu kuwa muna lissafin jarka. Na Legas ya hau dokin haya a rairayin Lekki, ya ƙanƙame linzami kamar zai yi hawan daushe. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne na Ingila, wani ƙanenmu da ya tafi ƙaro karatu. Sai watan Yuni ya kama, mu mun fara shan ruwan sama, manoma sun yi shuka, sannan zai rubuto cewa zafi ya iso musu, ga shi nan a gajeren wando. Ka tambaye shi digiri nawa, ya ce 24. Ƙanena, a Kano in aka wayi gari da 24, tsofaffi hular sanyi suke nema. A Yulin 2022, da ma'auni ya taɓa 40 a ƙasar tasu karon farko tun da suka fara rubutawa, jiragen ƙasa aka tsayar, wasu makarantu suka sallami yara. Mu a wannan awon muke zuwa ɗaurin aure da malum-malum da hula zanna, mu tsaya a rana muna jiran limami.

Yanzu ga hujjojina, tunda Bazazzagi ya nemi a yi shari'a.

Ka shigo shagona ka ɗora hannu a kan abin da ka ga dama, in gaya maka ruwan da ya ƙetare. Atamfa 'yar Holan, ta kamfanin Vlisco, daga garin Helmond take, inda suke wannan sana'a tun 1846. Tarin yadin da ya fi cika kasuwa daga Sin yake, 'yan uwanmu suna can Gwanzu suna lodi, kaya su yi makonni a kan ruwa kafin su sauka Apapa ko Tin Can, wasu su biyo ta Kwatano ko Lome. Ɗan Kwari bai iya iyo ba, ko a baho ka sa shi sai ya nemi abin dafawa, amma ya san kuɗin kwantena mai ƙafa 20 da mai ƙafa 40 kamar yadda ya san sunan 'ya'yansa. In jirgi ya makara a teku, a Fagge ake kwana ido biyu. Shaddar da ta fi kowace daraja a wurinmu kuwa, Getzner, a garin Bludenz ake saƙa ta, a tsakiyar duwatsun Ostiriya, ƙasar da ba ta da ko taku ɗaya na gaɓar teku. Ashe rashin teku bai hana mutum iya yadi ba. Ni dai na ɗauke su 'yan uwa.

Wannan hulɗa kuma ba yau ta fara ba. Kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Fagge zangon ayari ne. Raƙuma ke durƙusawa a nan da kayan da suka taso daga Tarabulus, bakin Bahar Rum, suka biyo ta Gadamas da Gat da Agadas. Daga baya Kwarori, mutanen Labanan da Siriya, suka kafa kantunan yadi a wannan yanki, su ma daga bakin wancan ruwa suka fito. Mu dai teku ne ke yi mana aike, ba mu taɓa ganin dalilin zuwa da kanmu ba.

Hujja ta biyu ma ta fi daɗi. Muna da tashar jiragen ruwa. Ka yi dariya son ranka, tana nan a Zawaciki, cikin Kumbotso, Shugaba Buhari ya buɗe ta a Janairun 2023, sunanta tashar kan tudu ta Dala. Manufarta kwantena ta sauka Legas, ta wuce kai tsaye nan, a yi mata awon kwastan a gida. A takarda tasha ce cikakkiya, abu ɗaya kacal ta rasa, shi ne ruwa. Na san za ka ce Kaduna ma akwai irinta tun 2018. Na ji. Kaduna ka ce ko Zariya?

Hujja ta uku ba na son tuna ta, amma kun tilasta ni. A Agustan 2022 teku da kansa ya kawo mana ziyara. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, magudanai suka ƙi ɗauka, layuka suka zama rafi, ruwa ya shiga shaguna ya hau kan leshi da atamfa na miliyoyin Naira. 'Yan kasuwa da yawa sun ɗora laifin a kan gine-ginen da aka dasa bisa hanyar ruwa. Ni abin da na ce a raina shi ne, sunan kasuwar ma ya isa gargaɗi, tunda ruwa ba ya hawa tudu, kwari yake nema. Kwana da kwanaki ana shanyar yadi a kan kowane ƙarfe da kowace igiya, har kasuwar ta koma kamar gidan mai jego. Wanda ya tsaya a ƙofar shagonsa ruwa na dukan gwiwarsa, yana kallon jarinsa na lilo, wannan ya ga teku, kuma bai biya kuɗin mota ba.

To, hoton da ake ta cece-kuce a kansa fa? A Tiga aka ɗauke shi. Na faɗa, sai ku kwantar da hankalinku.

Ƙaramar Sallah ta 2024 ta faɗo ranar 10 ga Afrilu, kuma kowa ya san bayan Sallah kasuwa barci take, ko ƙuda sai ya yi sallama kafin ya shigo shago. Mu takwas muka yi karo-karo, muka cika mota da kula biyu, ɗaya zoɓo ɗaya lamurje, da dambun nama, da kankana uku da muka tsaya muka saya a 'Yan Lemo. Muka ɗauki titin Zariya, muka haye gadar Tamburawa, muka wuce Kura. Daga nan ido ya fara shan mamaki, don ko'ina a ƙasar Kano ya bushe ya yi fari fat, amma nan ga kore shar a hagu da dama, ga kwandunan tumatir jibge a Kwanar Gafan. Ruwan Tiga ne ke wannan aiki, ya biyo magudanan noman rani ya ratsa Bunkure da Garun Malam da Kura. Miyar da kika kaɗa jiya, Hajiya, wataƙila da ruwan tekun da kike ƙaryatawa aka raini tumatirinta.

Gwamna Audu Bako ne ya sa aka datse Kogin Kano a wurin, aka fara a 1971 aka gama a 1974. In ya cika, ruwan yana rufe murabba'in kilomita kusan 178, cikinsa kuma yana ɗaukar abin da ya doshi kubik mita biliyan 2. Ni ban san yadda ake auna biliyan a ruwa ba, na dai roƙi yarona na shago ya mayar min da shi jarkoki, ya danna waya, ya ɗago ya ce, "Baba, sifirin ya fi ƙarfin allon." Abin da na sani shi ne, ka tsaya a gefe ka duba, wani ɓangaren ba ka hango ƙarshensa. Iska tana tasowa daga kan ruwa mai sanyi, akwai 'yar igiya da ke zuwa ta lashi dutse ta koma, masunta suna can a kwalekwale suna jan koma, mata suna soya karfasa da tarwaɗa. Otal ɗin Rock Castle yana bisa dutse yana kallon kowa. Me ya rage, fisabilillahi?

Wani abokina ɗan Kalaba, mai sayar da kifin ƙanƙara a Sabon Gari, shi ne ya kawo suka mai ma'ana. Ya kalli hoton, ya yi murmushi, ya ce, "Alhaji, teku gishiri gare shi." Na ce masa wannan ƙaramar magana ce, kasuwar Singa tana nan kusa da shi, ya faɗi buhu nawa ake buƙata.

Sai dai akwai gaskiyar da hoton bai nuna ba. Cikin mu takwas, babu wanda ruwa ya wuce masa idon sawu. Wani ma da safa ya tsaya. Mai gidanmu na kasuwa, dattijo mai kwarjini, bai ko cire babbar riga ba, kujerar roba ya sa aka ajiye masa taku ashirin daga bakin ruwa, yana jan carbi yana kiran duk wanda ya matsa. Da wani masunci ya yi mana tayin zagaye a kwalekwale, sai kowa ya tuna yana da kiran waya. Ban ga laifinmu ba. Ranar 30 ga Nuwamban 2021 kwalekwale ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, sama da mutum 20 suka rasu, akasarinsu yara 'yan Islamiyya, Allah Ya jiƙansu. Tun daga lokacin, in ban ga rigar kariya a jirgi ba, daga tudu nake sha'awarsa.

Da a nan maganar ta tsaya, da na ci shari'a. Bakina ne ya ja min.

Ƙanen nan namu na Ingila ya turo hotonsa yana wanke-wanke, ya rubuta cewa a can namiji ba ya jiran kowa. Zaure ya ɗauki zolaya. Ni kuma, da sauran iskar Tiga a kaina, na ce wannan ai ba abin a zo a gani ba ne, aikin gida kaf ba wanda ya gagare ni. Na manta uwargida tana karanta wayata in na shiga wanka. Ba ta ce komai ba. Mako na zagayowa ta sanar da ni akwai bikin 'yar ƙanwarta, kwana uku za ta yi, yara huɗu kuma suna makaranta ba za a tafi da su ba. Ta ƙara da cewa, "Ai na ji an ce ka iya."

Hajiyoyi masu karatu, na ga kun ajiye abin da kuke yi. Ku saurara, ba zan ɓoye komai ba, ranar wanka ce.

Abu na farko da na koya shi ne, a bazara gidan Kano a kan jarka yake tsaye. Famfonmu ya daɗe da zama abin rataye tsumma, rijiya ta ja baya har igiya ba ta kaiwa, sai ɗan garuwa da kurarsa, shi ma a wannan watan ba ya amsa kiran kowa da sauri. Na sayi kura guda da safe, ina ganin ta isa kwana biyu. Kafin ƙarfe goma ta ƙare. Na yi wanka irin na mai gida, yara suka yi irin na yara, na wanke kwanoni da ruwa mai gudu kamar ina bakin dam. Babbar 'yata, mai shekara goma sha ɗaya, ta tsaya tana kallona da tausayi. Ita ta koya min tsarin uwarta: ruwan ɗaurayar kaya shi ke goge ɗaki, wanda ya goge ɗaki shi ake yayyafawa a tsakar gida kafin shara don ƙura ta kwanta, ruwan wankin shinkafa na bishiyar zogale ne. Jarka ɗaya sai ta yi aiki uku kafin ta taɓa ƙasa. Ni da nake taƙama da lissafin yadi har inci, ashe babban akawu yana cikin gidana shekara goma sha huɗu ban sani ba.

Na biyu, girki yana da lokaci. Na ɗora tukunya da ƙarfe ɗayan rana, a kicin mai rufin kwano. Tuƙa tuwo a wannan sa'a, muciya a hannu, tururi a fuska, na rantse lungun Kwari wurin shan iska ne. Ashe shi ya sa take tashi tun asuba ta gama mai wuya kafin rana ta buɗe ido. Miyar da na bari ban ɗumama ba da dare, da safe ta gaishe ni da kumfa. Kunun ayar da na yi wa yara don in burge su ko la'asar bai kai ba. Firji yana tsaye a falo kamar baƙon da ba ya jin Hausa, babu wuta balle ya yi magana. Randar ƙasa da na sha cewa a fitar da ita don ta tsufa, ita ce ta rufa min asiri. Ruwa yana tsattsafowa ta jikinta, iska ta busar da shi ta tafi da zafin, na ciki ya yi sanyi, ba ta neman mita ba ta neman fetur. Na ɗaga moɗa na sha, na nemi gafararta.

Da dare ɗaki ba ya shiguwa, bulo da kwano sun tara ranar yini suna sakinta a hankali. Gidan kakana na ƙasa da azara a cikin birni bai san wannan ba. Muka fito da tabarmi tsakar gida, na ɗaura gidan sauro da igiyar shanya, ya faɗo mana sau biyu. Mu da muka ga sanƙarau na 1996, wanda ya ɗauki sama da mutum 11,000 a ƙasar nan, ba ma wasa da cusa yara a ɗaki mai zafi. Na kwana ina yi wa autan fifita saboda ƙurajen zafi, hannu ɗaya ya gaji in koma ɗayan.

Rana ta uku na ce bari in yi abin da za a tuna da ni. Da ma na sha faɗa a kasuwa cewa na ƙware a guga. Gaskiya ne, gugan rijiya nake nufi, tun ina yaro. Gugar kaya kuwa ban taɓa ba, mai wanki da guga ne ke yi min. Na zuba gawayi a dutsen guga, na hura har ya yi ja, na shimfiɗa farar Getzner ɗina ta Juma'a, wadda na ƙi sayar wa mutum uku. Hannu na farko ya tafi sumul. Na jingina waya, na ɗauki hoto ina murmushi, dutse a hannu, na tura zaure. Ina tsaye ina jiran in ga wa zai fara ba ni haƙuri, sai hancina ya ji wani abu. Garwashi ɗaya ne tak ya faɗo ta gefe. Ya yi min taga a bayan riga, daidai faɗin bakin kofin shayi.

Zaure bai san wannan ba har yau. Hoton da suka gani na hannun riga ne, kuma Bazazzagi da bakinsa ya ce, "Kai, Bakano ya yi abin kai." Ku ma ina roƙonku kada wanda ya kai masa wannan shafi.

Uwargida ta dawo da magariba, ta leƙa randa, ta leƙa tukunya, ta ƙirga yara. Sannan ta ɗago rigar daga ƙarƙashin katifa inda na ɓoye ta, ta zura yatsu uku ta cikin tagar, ta ɗauki hoto da wayarta. Ta ce ba za ta tura wa kowa ba, muddin Sallah mai zuwa da ita da yara za a je tekun nan, ni ne kuma mai ɗaukar kula. Na riga na yi magana da mai mota.